Zamanin da Kunne Ke Jan Ragama

Duk wanda ya tashi a zamanin kaset cikinmu bai manta maɓallan nan biyu na jikin rediyo ba, ɗaya na ƙara wa sauti kauri, ɗaya na ƙara masa kaifi. In an sa Shata, mu murɗa na kaurin har kalangu ya cika zaure. In Ɗan Maraya ne, a ɗan ɗaga na kaifin don kuntigi ya fito sarai. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, kunne ne ya yi mana jagora.

Manyan ɗakunan ɗaukar waƙa na duniya ma da kunne suka yi aiki shekara da shekaru. A farkon shekarun 1950 wasu injiniyoyi biyu a jihar New Jersey ta Amurka, Eugene Shenk da Ollie Summerlin, suka ƙera na'urar daidaita sauti mai suna Pultec. Samfurinta da ya fi shahara, EQP-1A, zaɓi huɗu kacal yake da shi a ɓangaren kauri: 20, 30, 60 ko 100 Hz. Babu allo, babu zane. Akwai maɓallin ƙari, akwai na ragi, masu aiki kuwa suka gano abin mamaki in an murɗa su tare. Ragin ba ya faɗa daidai inda ƙarin ya tsaya, sai ya kwashe dagulewar da ke ɗan sama da shi. Ganga ta yi nauyi, muryar mawaƙi kuma ba ta nutse ba. A 1970 kamfanin Rupert Neve a Ingila ya fito da tasa na'urar mai suna 1073, ita ma zaɓinta ƙidayayye ne.

Yau yaranmu a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos suna da kwaikwayon waɗannan na'urori cikin kwamfuta, abin da iyayen gidansu ba su taɓa mafarkin mallaka ba. Ina taya su murna da zuciya ɗaya. Sai dai da yawa sun saba da manhajar zamani mai zana sauti a allo, ido na yanka, kunne na hutu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba cewa nake a watsar da ta zamani ba. In ƙugin janareto ya kutso cikin makirufo, ita ce ke tsame shi cak. Amma kayan kiɗanmu suna son hannu mai faɗi irin na tsofaffin na'urorin. Ku dubi makaɗin kalangu: yana matsa igiyoyin a hammata, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka. Wanda ya yi siririn yanka a waje guda ya kashe ɗaya daga cikin muryoyin nan bai sani ba, sai kalangun ya riƙa magana da giɓi. Ɗan ƙari mai faɗi a 60 ko 100, da ɗan ragi a kansa, yakan bar kowace murya ta fito da ƙarfinta.