Zauren 'Yan Mata: Agogon Da Ba Ya Jin Kira A Haɗejia

 Yau maganar agogo za mu yi, tunda da wuya a buɗe akwatin lefe a garuruwanmu ba a ga agogo kwance kusa da sarƙa da 'yan kunne ba. Wani saurayin ma tun kafin a kai ga lefe yake kawo shi zance, ya zauna yana koɗa shi har ki rasa ta cewa.

To, akwai wani iri da ke shigowa cikin kayan gwanjo da tsarabar masu dawowa daga Turai, wanda ake cewa shi ke saita kansa ta hanyar rediyo, wai ba ya gaba ba ya baya. Wannan magana gaskiya ce, amma da sauranta, kuma sauran ne mai sayarwa ba ya faɗa.

A cikin agogon akwai 'yar ƙaramar eriya. Galibi cikin dare, kina barci, sai ya kasa kunne ya saurari wata tasha wadda ba ta waƙa ba ta labarai, aikinta kawai faɗin lokaci daga agogon atam, wanda kan yi dubban shekaru bai kuskure daƙiƙa ɗaya ba. Da ya ji sai ya gyara kansa. Kamfanin Junghans na Jamus ne ya fara fito da na ɗaurawa a hannu a 1990, daga baya su Citizen da Casio suka biyo.

Ina tashoshin suke? Akwai DCF77 a Mainflingen kusa da Frankfurt a Jamus, akwai MSF a Anthorn ta Ingila, akwai WWVB a jihar Colorado ta Amurka, sai na Japan da na Sin. Ta Jamus ɗin saƙonta yana kaiwa kamar kilomita 2,000 ne, alhali daga Haɗejia zuwa can ya haura kilomita 4,000. Kin ga kenan ko kan rufin ɗaki kika kwana da shi a Auyo ko Malam Madori ko Kirikasamma, babu kiran da zai ji. A nan agogon batir ne kawai kamar kowane, da hannu za ki saita shi, kuma yana iya zamewa da 'yan daƙiƙu a wata.

Don haka kada a ruɗe ki, kada kuma ki tayar wa yaron mutane hankali sai ya sayo miki shi da kuɗin da zai isa buhun shinkafar fadama. Idan kuma ya riga ya zo hannunki, kada ki yar, agogo ne mai ƙarko. Ki zaɓi birnin da lokacinsa ya yi daidai da namu, kamar Paris ko Berlin, sannan ki kashe abin da aka rubuta DST. Dalili, Turawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu kuwa a Nijeriya awa ɗaya muke gaban GMT rani da damina. In kika manta, wata rana sai ki iso makaranta ko mai gadi bai buɗe ƙofa ba.

Abin dariya, mu ma mun daɗe da namu agogon rediyon. Tun da Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, iyayenmu ke riƙe da agogo a hannu suna jiran mai gabatarwa ya faɗi ƙarfe nawa agogon GMT, ƙarfe nawa agogon Nijeriya da Nijar, sai su murɗa. Yau kuma wayar hannunki ita ke karɓo lokaci daga kamfanin layi ba tare da kin taɓa ta ba.

Ga kuma wani abu da agogo ba zai gaya miki ba. Haɗejia tana gabas da Kano, saboda haka rana takan riga faɗuwa a nan da kamar minti 6, duk da agogonmu ɗaya. Tsakaninmu da Sakkwato kuwa ya kusa minti 20. Shi ya sa da azumi kada ki ɗauki jadawalin wani gari ki yi sahur da shi, ki bi na garinku da kiran ladaninku.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna. Mu mata mun iya ɗaura agogo, duba shi ne ya gagare mu. A rubuta ƙarfe 4 a katin kamu, amarya ba za ta fito ba sai ana kiran magariba. Yarinya ta yi shekara tana karatu, ranar jarrabawa ta tsaya shafa hoda har a raba takarda. Haba 'yan uwa! Masuncin kogin Haɗejia ba shi da agogon Jamus, amma ya san in gari ya waye masa a kan tabarma, kifin ranar ya zama na wani.

Wannan ma'aunin ki ɗora a kan mai neman aurenki. Wanda ya ce zai zo bayan isha'i ya bar ki tsaye a zaure sauro na cizo har ƙarfe 10, gobe ya sake, jibi ya sake, kuma ko haƙuri bai iya bayarwa ba, to wallahi ki yi tunani, ko da agogon zinare ne a hannunsa. Wanda ya raina lokacinki kina gidanku, me zai yi in kin shiga nasa? Hausawa suka ce kyan alkawari cikawa, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ke ma ki zama mai cika naki, don ki samu bakin magana.

Ina sauraron wasiƙunku kamar kullum. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah ya bar zumunci, ya ba kowace mijin da ya san darajarta, amin.