Kwalliyarmu: Defrizan mai soda ko marar soda?



Salla ta matso, hirar gyaran kai ta fara a wurin zubi. Bara war haka ƙanwata ta sayo kwalin defrizan, man miƙar da gashi, mai rubutun "sans soude". Wai ai wannan ba ya ƙuna. Ta tsefe kitso da safe, ta sosa kai son ranta, ta shafa, ta tafi duba tukunya. Da gyambo a ƙeya ta je idi, ɗankwali na manne mata. Gashin goshinta har yau bai gama dawowa ba.

To bari mu bambance su. Mai soda shi ne wanda ke zuwa cikin roba ɗaya, ba a haɗa shi da komai. Sodar da ke ciki ita ce dai wadda muke haɗa sabulu da ita, wadda ba ma taɓawa sai da safar hannu. Yana aiki da sauri, yana wankuwa tas, gashi ya yi laushi da sheƙi. Amma ba ya wasa da fatar kai, ɗan jinkiri kaɗan sai ƙuna.

Marar soda galibi a kwali yake zuwa, da kirim da ƙaramar kwalba ta ruwa da ake zubawa a gauraya. Ya fi sauƙi ga fata, shi ya sa ake sayar da shi don masu shafawa a gida. Illarsa, yana barin sinadarin kalsiyum a jikin gashi, sai gashin ya bushe, ya dushe, ya riƙa karyewa a mataji, balle in hunturu ya shigo. Kuma shi ma yana ƙuna, sai dai ba ya saurin yi miki kashedi, sai ki bar shi ya wuce lokaci.

Wanne za ki zaɓa? In fatar kanki ba ta da juriya, ko kuma a gida za a shafa miki, marar soda ya fi, amma ki dage da man kaɗe. In gashinki mai yawa ne mai tauri, kuma kina da ƙwararriyar mai gyaran kai, mai soda zai fi yi masa kyau. In akwai ƙuraje, ciwo ko makero a kai, duka biyun a haƙura. Ƴan mata ƙanana kuwa a bar su da kitsonsu, ko da an sa hoton yarinya a kwalin.

Kowanne kika ɗauka, kada ki sosa ko ki wanke kai kwana 2 zuwa 3 kafin ranar. A shafa baselin a goshi, kunnuwa da ƙeya. Sabon tsiro kaɗai ake shafa wa. A duba agogo, a bi mintocin da ke kan takarda. Kin ji zafi, a wanke nan take, zafi ba alamar yana ci ba ne. A wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin man, sabulun wanki ba ya wannan aikin. In ya shiga ido, ruwa mai yawa na minti 15, sannan asibiti.

Masu tattali, na san halinmu: wanda aka riga aka gauraya ba a ajiye ragowarsa don wani wata. A zubar inda yara ba za su kai ba. Araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe, yawan shafawa. A 2022 wani bincike a Amurka kan mata fiye da 33,000 ya gano cewa masu miƙar da gashi da irin waɗannan mayuka fiye da sau 4 a shekara sun fi marasa yi kamuwa da ciwon dajin mahaifa, fiye da ninki biyu. Binciken bai ware mai soda da marar soda ba. Don haka ki ba kanki tazara, mako 8 mafi ƙaranci, wata 3 ya fi. Kuɗin da ya rage kuma ya shiga asusu.

Allah ya kai mu salla lafiya, da gashinmu a kanmu.