Martani Ga Mai Yabon Na'urar Leƙa Gwiwa

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce na'urar nan mai leƙa cikin gwiwa ita ce warakar duk mai ɗingishi a Sabon Garin Wudil, alhali hujjarka ba ta tsaya da ƙafarta ba. Guringuntsin gwiwa in ya yage, galibi ɗinki ba ya kamawa sai a gefen waje inda jini ke kaiwa. Dattawanmu kuwa shekaru ne suka cinye nasu, kuma binciken likitocin Finlan na 2013 ya nuna yanke irin wannan bai fi tiyatar ƙarya fa'ida ba. Saurayin da ya gurɗe a filin ƙwallo, a gaggauta kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Dattijo a fara masa da motsa jiki.