Me Ya Haɗa Amurkawa Da Ƙwallon Ƙafa Ne?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Duk lokacin da wata babbar gasa ta kankama sai ka ga guntayen bidiyo na yawo a wayoyinmu: wani Ba'amurke a gaban makirfo yana yi wa ƙwallon ƙafa dariya. Wai mutum 22 ne za su yi minti 90 suna guje-guje a tashi babu ci. Wai iska in ta taɓa ɗan wasa sai ya zube yana birgima. Mu kuma sai rai ya ɓaci, a ce jahilci ne, a ce hassada ce. Ni dai a ganina wannan amsar ta yi arha. Dariyar tasu tana da tarihi, akwai kuɗi a cikinta, akwai siyasa, akwai kuma 'yar gaskiya. Kuma abin da zai ba ku mamaki, ɗaliban jami'a irinmu ne suka haɗa wannan rigimar tun farko.

A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan, aka raba wasan da ake bugawa da ƙafa da wanda ake runguma a ruga, wato zari-ruga. Shekara shida bayan haka, a watan Nuwamban 1869, jami'o'in Rutgers da Princeton suka buga wasan da Amurkawa ke lissafawa a matsayin na farko tsakanin jami'o'insu. Wasan ya fi kama da tamaular da muka sani, ba a ɗaukar ƙwallo a gudu da ita. Rutgers ta ci 6 da 4. Amma Harvard ta ƙi bin wannan tsari. A 1874 ta kara da jami'ar McGill ta Kanada da dokokin zari-ruga, abin ya burge ta, sauran manyan jami'o'i suka biyo sahu. Daga nan wani ɗalibin Yale, Walter Camp, ya jagoranci sauya dokokin a farkon shekarun 1880, wasan ya koma na tsayawa, a jeru, a tashi, a sake tsayawa. Shi ne abin da suke kira futbol a yau.

Kun ga tun ran gini tun ran zane. Lokacin da ma'aikatan jirgin ruwa da na jirgin ƙasa na Birtaniya ke yaɗa tamaula a duniya, Amurka ta riga ta cika gurbin da nata wasannin: besbol da bazara, futbol da kaka, daga baya ƙwallon kwando da aka ƙirƙiro a 1891. Kuma wasan ya manne da makaranta. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ka yi tunanin kakanka ya yi makarantar, babanka ya yi, kai ma kana ciki, duk Asabar ku sa riga kala ɗaya ku tafi fili. Sai wani ya zo ya ce maka wannan ba shi ne ƙwallo na gaskiya ba. Ya za ka karɓe shi?

Ko sunan da muke yi musu gori a kai ba su suka ƙirƙiro shi ba. Kalmar "soccer" 'yan makarantar Ingila ne suka gutsuro ta daga "association" a ƙarshen ƙarni na 19 don bambanta wasan da zari-ruga. Turawan Ingila sun daɗe suna amfani da ita kafin su yar, su dawo suna tsokanar wanda ya tsinta.

To mu zo kan ƙorafe-ƙorafen nasu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai ba a cin ƙwallo. A nan kam akwai wayon lissafi. A futbol ɗinsu, in ka kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, bugun da ke biyo baya ya ƙara ɗaya. Ke nan wasan da aka tashi 21 da 14, sau uku da sau biyu aka ci. Wato 3-2 ɗinmu ne aka sa masa babbar riga. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa auna wasannin NFL a 2010, ta gano a cikin awa uku da ake kallo, ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce kusan minti 11 ba. Sauran duk talla ne, maimaici, da 'yan wasa a tsaye suna shawara. Amma fa ban ce wasansu ba daɗi. Wanda ya san dokokinsa yana ganin dabara a kowace tsayawa, kamar yadda mu muke ganin dabara a wasan da aka tashi babu ci. Ido yana ganin abin da aka koya masa ne.

Na biyu, canjaras. Ba'amurke ba ya son a tashi ba gwani. Futbol na jami'o'i ya soke kunnen doki tun 1996, ƙwallon kwando da besbol kuwa ana ta bugawa ne har sai an samu wanda ya ci. Sai ga shi a 1994 sun karɓi baƙuncin Kofin Duniya, gasar da Najeriya ta fara zuwa, wadda Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka a Dallas bayan ya ci Bulgeriya. Mutum sama da miliyan uku da rabi suka shiga filaye. Amma wasan ƙarshe tsakanin Brazil da Italiya? Minti 120 babu ci, sai a bugun fenariti Roberto Baggio ya ɗaga ƙwallo sama. Mu a wurinmu tarihi ne. Su masu dariya kuwa, an miƙa musu hujja har gida.

Na uku, faɗuwar ƙarya. Wallahi a nan suna da gaskiya, mu daina musu. Ƙato ya faɗi yana riƙe fuska alhali a kafaɗa aka taɓa shi, a shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya, yana fita ya miƙe garau. Abin kunya ne, mu ma a gidan kallo tsaki muke yi in ba ɗan kulob ɗinmu ba ne. Ga wanda ya tashi yana ganin jarumta ita ce a buge ka ka miƙe ba ka nuna ciwo ba, wannan ya isa ya raina wasan. Sai dai laifi tudu ne: NBA ma sai da ta fara cin tarar masu faɗuwar ƙarya a 2012. Haka batun agogo. Su sun saba ganin daƙiƙoƙi na sauka har sifili a allo, mu kuma lokaci yana hannun alƙalin wasa, sai ya ga dama ya hura. Wannan ma ƙorafi ne da za a iya saurara.

Amma akwai abin da bidiyoyin nan ba sa faɗa, shi ne kuɗi. Wasanninsu an yanka su gunduwa-gunduwa, kowace tsayawa gurbin talla ce. Tallan daƙiƙa 30 a wasan Super Bowl ya kai dala miliyan bakwai a 2023. Tamaula kuwa minti 45 ne a jere ba inda za ka cusa tallan mota. Shekara da shekaru gidajen talabijin da masu sharhin rediyo ba su da ribar da za su ci in sun koya wa jama'a son wasan, tsokanarsa kuma tana jawo masu saurare. Lokacin da aka fara gasar MLS a 1996, har gwada mayar da wasan na Amurka aka yi: agogo mai sauka, da wani salon raba gardama inda ɗan wasa zai taho da ƙwallo daga yadi 35 yana da daƙiƙa biyar. Masu dariya ba su zo ba, masoya na asali suka ji haushi. Bayan kakar 1999 aka watsar.

Sai babban dalilin, wanda a ganina shi ne gindin maganar: wasan baƙi ne a idonsu. A shekarun 1920 Amurka tana da gasa mai ƙarfi a garuruwan masana'antu irin su Fall River da Bethlehem, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 1930, ta kuma doke Ingila 1-0 a 1950. Amma 'yan ci-rani ne suka riƙe wasan, wanda ya ci Ingila ɗin ma, Joe Gaetjens, ɗan Haiti ne. Yaron da ke son a ɗauke shi cikakken Ba'amurke sai ya ajiye tamaular babansa ya ɗauki sandar besbol. A 1986 ɗan majalisa Jack Kemp, tsohon ɗan wasan futbol, ya tsaya a zauren majalisa ya danganta tamaula da gurguzun Turai, nasu kuma da jari-hujja. A 2014 marubuciya Ann Coulter ta rubuta cewa ƙaruwar son wasan alama ce ta lalacewar tarbiyyar ƙasa. Abin dariyar shi ne NFL ce ke da ƙa'idar iyakar albashi, take raba kuɗin talabijin daidai, take ba kulob ɗin da ya zo na ƙarshe damar fara zaɓen sabon ɗan wasa. A Turai kuwa in ka zo ƙarshe sai dai ka gangara ƙasa, ba mai tausaya maka. Waye ɗan gurguzun a nan?

Ƙara da cewa ba su saba zama 'yan baya ba. Ƙasar da ke kiran zakaran gasarta ta cikin gida zakaran duniya, sai ga Trinidad da Tobago ta hana ta zuwa Kofin Duniya na 2018. Raina wasan ya fi sauƙi a kan amsa cewa an fi ka. Inda suka yi zarra kuwa, wato ɓangaren mata da suka ɗauki kofin duniya sau huɗu, a 1991, 1999, 2015 da 2019, sai masu dariyar suka juya shi ya zama abin gori, wai wasan mata da yara ne. Nasarar nan kuwa daga makaranta ta fito, albarkacin dokar 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fannin wasanni.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Mai dariyar nan ba ya rage mu da komai, kuma kullum raguwa suke. A 2014 mutum sama da 109,000 suka cika wancan filin na Michigan don kallon Manchester United da Real Madrid. Messi yana Miami tun 2023. An ba su Kofin Duniya na 2026 tare da Kanada da Meziko. Wanda ya kamata mu sa wa ido shi ne Ba'amurken da ya daina dariya ya ciro kuɗi. Manchester United tana hannun iyalan Glazer tun 2005, Liverpool ta koma hannun Amurkawa, haka Arsenal, haka Chelsea tun 2022. A watan Afrilun 2021 kulob 12 suka sanar da gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba, daidai tsarin NFL, bankin JP Morgan na Amurka ne zai zuba kuɗin. Magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana uku abin ya ruguje. Amma tunanin bai mutu ba. A wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya a 2025 har casu aka yi a hutun rabin lokaci irin na Super Bowl.

Abubuwan da suke yi wa dariya su ne gishirin wasan. Saboda ƙwallo tana wuyar ci ne ƙaramin kulob zai iya tare gida ya kunyata babba. Saboda akwai canjaras ne maki ɗaya a gidan wani yake zama biki. Saboda ana gangarawa ƙasa ne Leicester da ta sha da ƙyar a 2015 ta ɗauki kofi a 2016 duniya ta girgiza. In aka gyara waɗannan don a faranta wa mai talla, me ya rage?

Don haka in bidiyon ya sake zuwa wayarka, ka yi dariyarka ka wuce, ko ka tura masa lissafin 21 da 14. Fushin ka adana shi sai ranar da aka ce za a raba wasa gida huɗu don a saka talla.

Masoya ƙwallon kwando na makarantar nan, na san kuna da magana. Bismillah, ina saurare.