Aikin dare da cutar daji: Abin da agogon jiki ke nunawa

A 2019 cibiyar binciken cutar daji ta IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar, matsayin da ta fara ɗauka tun 2007. Batun ya shafi ma'aikatan jinya, masu gadi da direbobin manyan motoci kai tsaye.

Tushen zancen shi ne agogon jiki. Wani gungun ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a ƙwaƙwalwa ne ke karɓar saƙon haske daga ido, yana saita jiki kan sa'o'i 24. Amurkawa uku, Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young, sun ci kyautar Nobel a 2017 saboda bayyana yadda agogon ke aiki.

Agogon yana da hannu a rabuwar ƙwayoyin halitta. A 2003 masu bincike a Japan sun nuna cewa a hantar ɓera shi ke sarrafa furotin WEE1, wanda ke taka wa ƙwaya birki kafin ta rabu biyu. Wannan jinkiri ne ke ba ta damar gyara ɓarnar da ke cikinta. Idan agogon ya rikice, ƙwaya mai lahani na iya hayayyafa, kuma haka cutar daji ke somawa.

IARC ta ce hujjar da aka samu a dabbobi ta fi ta mutane ƙarfi. Duk da haka, a 2009 an ruwaito cewa Denmark ta biya kusan mata 40 diyya bayan sun kamu da cutar dajin mama suna aikin dare.

Ba za a rufe asibiti da dare ba, amma hukumomi na iya rage jerin dararen da ma'aikaci ke yi, su ba shi hutun rama barci.