Sunan Haya, Filin Gari

A ajin ilimin harshe ana koya mana cewa kalma ba ta da mai ita, ta duk mai magana ce. To, ku je ku faɗa wa masu otal haka! A wurinsu suna dukiya ne, haya ake ba da shi kamar shago.

Ku dubi Radisson Blu na Yamai, wanda aka buɗe a 2019 don taron Tarayyar Afirka. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya gina shi, amma sunan da ke jikin ginin na wani kamfani ne dabam. Gaweye ma da can Sofitel Gaweye ake ce mishi, sunan kamfanin Accor na Faransa. Sunan ya tafi, ginin na nan. Ke nan otal guda na iya samun iyayen gida ukku: mai fili, mai gini, mai suna. Sau da yawa kuma banki ba ya sakin bashi sai ya ga kwangila da mai suna, tunda shi ke jawo baƙi. Ran da suka saɓa, kuɗi su tsaya, magina su watse, lauyoyi su sa riga.

Rigimar otal ɗin Durbar na Kaduna ta mallaka ce, ba ta suna ba, amma ciwon guda ne. An gina shi don bikin FESTAC na 1977. Shari'a tsakanin iyalan Abacha da gwamnati ta bar shi a rufe shekara da shekaru, a tsakiyar gari fa, har gwamnatin El-Rufa'i ta rushe shi a Janairun 2020. Wa ya yi asara? Mai wanki, mai kabu-kabu, mai tsire na bakin ƙofa, waɗanda ba a taɓa kira kotu ba.

Mu nan Tawa, tun bikin Tawa Sakola na 2017 muka kamu da son allon "za a gina". Da mun ji sunan Turai sai tafi. Ni ban ƙi otal ba, ƴan'uwa, mu ma aikin muke nema. Amma fili na gari ne. Kafin magajin gari ya sa hannu, a liƙa kwangilar a bangon ma'aikatarshi, da Hausa da Tamajak, ba Faransanci kaɗai ba: wa ke da gini, wa ke da suna, shekara nawa, kuma in sun saɓa, wata nawa za a jira kafin gari ya amshe filinshi.