Tafi ba ya sayen zarto

Kai mai riƙe da waya, sau nawa ka ga bidiyon ɗan sakandare da ya haɗa mota da kwali da batir, ko ya ƙera kujera a zauren gidansu? Ka rubuta "Masha Allah" ka wuce. Kwana biyu kowa ya manta, yaron kuwa yana nan yana tsintar ƙusa a bola.

Dubi William Kamkwamba na Malawi. Yunwa ta afka wa ƙasarsu, kuɗin makaranta ya gagara, ya bar sakandare. Yana ɗan shekara 14 ya ga hoton injin iska a littafin da ya aro daga laburare. Ya haɗa nasa da itace da kayan tsohon keke da tarkacen bola, har gidansu ya samu lantarki. Sai a 2006 jarida ta ba da labarinsa. Bayan ya yi magana a taron TED a Tanzaniya a 2007, wasu suka ɗauki nauyin karatunsa, ya gama jami'ar Dartmouth ta Amurka a 2014.

Ka ga ke nan, basira tasa ce, amma sai da wasu suka sa hannu a aljihu.

To, idan akwai irinsa a unguwarku, je ka tambaye shi abin da ya rasa. Ku yi karo-karo ku saya masa zarto da guduma. Ku haɗa shi da kafinta ko mai walda ya riƙa zuwa ranar Asabar. Ku kuma roƙi iyayensa su daina ce masa ɗan bola.